Ruwan haibiridoma ya danne ƙwayoyin T: sabon sinadari ne ko ƙazanta?

Ɗalibi: Jama'a, albishirinku! Ruwan da haibiridomata (ƙwayar garkuwar jiki da aka haɗe da ta ciwon daji) ta girma a ciki na zuba wa ƙwayoyin T, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, na saifar ɓera, suka daina rabuwa. Taimidin mai alama, tubalin DNA da muke auna rabuwar ƙwayoyi da shi, da ƙyar ya shiga. Ni na ce sinadarin danne garkuwar jiki na kamo.

Malama: Ba goro tukuna, ƙanena. Ka gwada ruwan uwar layin, wato ƙwayar ciwon daji BW5147 da ka haɗa haibiridomar da ita, ita kaɗai? In ita ma ta danne, to haibiridomarka gado ta ci.

Ɗalibi: Ban gwada ba, Malama. Amma kwalbar garau take, ba alamar ƙwayar cuta.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji: Garau ɗin ne abin tsoro, yaro. Maikofilasma, wata ƙanƙanuwar ƙwayar bakteriya, ba ta dagula ruwa. Ba ta da bango, don haka fenisilin ba ya taɓa ta, kuma tana iya ratsa matatar maikiron 0.2. Irin su Mycoplasma arginini sinadarin ajinin na cikin abincin ƙwayoyi suke cinyewa, ƙwayoyin T kuwa ba sa rabuwa sai da shi. Wasu ma taimidin ɗin suke farfasawa, lissafi ya faɗi alhali ƙwayoyin lafiyarsu lau. Wata shida na taɓa yi ina bin irin wannan "sinadari". Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗalibi: Baba, ai danniyar ba tatsuniya ba ce. A kanta masanin Japan Sakaguchi ya samu Nobel a 2025.

Malama: Ka tuna me ya faru kafin nan. Masani Gershon ya kawo maganar ƙwayoyin T masu danniya a Jami'ar Yel tun 1970, aka yi ta ƙera haibiridoma masu fitar da sinadaran danniya ɗauke da alamar I-J. Da aka binciki DNA ɗin ɓera a farkon shekarun 1980, ba a ga ƙwayar halittar I-J a inda aka ce take ba. Fagen ya watse, sai a 1995 Sakaguchi ya dawo da shi da CD25, alama a jikin ƙwayoyin T masu danniya da kowa zai iya tacewa ya gani da idonsa.

Wata ɗaliba: Ni ban yarda komai a ɗora wa maikofilasma ba. Layukan ƙwayoyin ciwon daji da yawa suna fitar da TGF-beta, sinadari mai danne garkuwar jiki, da kansu. Danniyar gaske ce, sai dai ba ta zaɓe, kowa take bugewa. Yaya, wane launi ruwan yake da ka kwashe shi?

Ɗalibi: Ya ɗan koma rawaya.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji: To ga dalili na uku nan, ruwa ya yi tsami, abinci ya ƙare. Ka kawo min shi gobe da safe mu yi gwajin PCR na neman DNA ɗin maikofilasma, ka haɗo da na BW5147 ɗin.