Ina so in haɗa Windows da Ubuntu a laftop ɗaya amma zaɓin ya ƙi fitowa, dan Allah a taimaka

ɗan_samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin abin ku duba min wannan. Laftop ɗin HP EliteBook 840 G3 ce tokumbo, Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB, Windows 10 ne a kai. An ce mana a wani kwas da nake yi dole kowa ya samu Linux kafin sati mai zuwa, to ni kuma laftop ɗin ba tawa ba ce ni kaɗai, ta yayata ce, ita ma tana rubuta furojet ɗinta na kammalawa a ciki kuma duk aikinta da Word da SPSS take yi, kaga ba zai yiwu in goge Windows ba.

Na sauke Ubuntu 24.04 (wlh data ta ci, kusan 6GB), na saka a falash da Rufus, na danna F9 ta tashi lafiya lau har na ga fuskar Ubuntu ɗin. Amma da na zo wajen zaɓen inda za a ɗora shi sai ban ga wannan na Install alongside Windows da ake nunawa a bidiyo ba, abin da ya fito kawai Erase disk ne da kuma na yi da hannu. Hannuna har rawa yake, na kashe na cire falash ɗin. Na kai wa wani mai gyara a unguwarmu ya ce kawai in bari ya yi fomatin gaba ɗaya ya raba ta biyu ya ɗora min duka daga farko, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda aikin Yaya. Me ya sa bai ga Windows ɗin ba? Kuma nawa ya kamata in yanka masa?

injiniya_bako:

Wa alaikumus salam. Ƙanina ka yi daidai da ka tsaya, wannan Erase disk ɗin abin da ya faɗa shi yake nufi, da ka danna da yanzu wani zancen ake. Kuma babu buƙatar fomatin, kar ka yarda.

Abin da na fi zato shi ne ka tada falash ɗin ta hanyar da ba ita Windows ke bi ba. Kwamfuta irin taka tana iya tashi ta hanya biyu, akwai tsohuwa da ake ce wa Legacy akwai kuma UEFI, to idan an ɗora Windows ta UEFI kai kuma ka tada Ubuntu ta Legacy ba zai gane akwai wani a gidan ba, shi ya sa bai ba ka zaɓin zama tare ba. Koma Windows ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta msinfo32, ka nemi layin da aka rubuta BIOS Mode ka ga me ya ce. In UEFI ne, ka sake yin falash ɗin a Rufus amma wannan karon ka zaɓi GPT a wajen Partition scheme, ba sai ka sake sauke komai ba fayil ɗin da kake da shi ya isa. Sannan in ka danna F9 ka lura da kyau, falash ɗaya kan fito sau biyu a jerin, ka ɗauki wanda ke da UEFI a sunansa. In kana so ka tabbatar, bayan Ubuntu ya tashi daga falash buɗe Terminal ka rubuta ls /sys/firmware/efi, in ya jero maka wasu sunaye to kana kan UEFI, in ya ce babu wannan wajen to har yanzu Legacy ne.

Amma kafin duk wannan, aikin farko ba a Ubuntu yake ba a Windows yake. Kwafe furojet ɗin yayarka da duk abin da ba ku so ku rasa zuwa wani falash daban ko Google Drive, kuma ka buɗe kwafin ka ga yana buɗuwa, ba wai ka ja ka ajiye ka ce shikenan ba. Na sha ganin wanda ya kwafi gajeriyar hanyar fayil yana zaton fayil ɗin ne ya kwafa.

Bayan nan duba ko BitLocker, wato abin da Windows ke kulle dis da shi, na kunne. Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta manage-bde -status. Waɗannan laftop ɗin tokumbo yawancinsu daga ofisoshi suka fito, wasu za ka samu dis ɗin a kulle, kuma in ka taɓa saitin BIOS yana kulle sai ya tsaya a wani shuɗin shafi ya ce sai ka kawo makulli mai lamba 48 wanda kai ba ka taɓa gani ba. In yana kunne ka fara adana makullin a takarda sannan ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa, yana ɗaukar lokaci. Shi kansa Ubuntu in ya ga BitLocker zai ce maka sai ka kashe shi tukuna.

Yankan wuri kuma ka bar Windows ya yanka da kansa, ya fi sanin inda ya zuba kayansa. Rubuta diskmgmt.msc, danna dama a kan C, Shrink Volume. SSD ɗinka 256GB ne a rubuce amma za ka ga wajen 238GB yake nunawa. Ubuntu suna cewa 25GB ya isa a ɗora, gaskiya ya isa a ɗora amma bai isa a zauna ba, da ka fara saka kayan koyon aiki zai cika. Ni zan ce ka ba shi 60GB, wato ka rubuta 61440 a akwatin tunda da MB yake ƙirga. Wurin da ya fito ka bar shi haka nan baƙi babu komai, kar ka yi masa fomatin, Ubuntu zai gan shi ya shiga. Ba sai ka ware fatishan, wato yankin dis daban, na swap (inda yake ajiye abin da RAM ta kasa ɗauka) ba, yanzu fayil yake yi wa kansa a ciki.

Kuma dan Allah kar ka fara sai batir ya cika kuma caja na jone. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar taɓa fatishan kuma batirin tokumbo ya yi abin da ya saba, wannan ita ce asarar da ba ta da sauƙin gyara.

Ummu_Khairat:

Ni dai tambayata ɗaya, dole ne sai ka raba dis ɗin? Malaminku Linux ya ce ku samu ko ya ce sai a kan ƙarfen kwamfutar kai tsaye? Domin in dai umarni za ku koya da su Python da Git, WSL yana nan a cikin Windows 10 ɗin, ka buɗe PowerShell a matsayin admin ka rubuta wsl --install ya kawo maka Ubuntu ba tare da ka taɓa fatishan ko ɗaya ba. Ko VirtualBox, manhajar da ke tada Ubuntu a cikin Windows kamar wata kwamfuta daban, da RAM 8GB za ka iya ba shi 3GB ya yi tafiya ko da ba gudu. Na faɗi haka ne saboda ƴar'uwar nan taka, mutum na kan furojet ba lokacin gwaji da kwamfutarsa ba ne, ni na san yadda zuciya take a wannan lokacin. Ka tambaye ta ma tukuna ta yarda?

ɗan_samaru:

Na gode Aunty. Eh ta sani, ita ce ma ta ce in tambaya kafin in taɓa. Na gwada VirtualBox ɗin tun farko amma nauyi yake yi sosai fanka na ta ihu, kuma kwas ɗin na netwok ne malamin ya ce akwai abubuwan da za mu yi da katin wayales kai tsaye wanda ta can ba zai gan shi ba.

Injiniya Allah ya saka da alheri, maganarka ce. BIOS Mode ya nuna UEFI, BitLocker kuma a kashe yake. Na kwafe kayan Yaya wuri biyu, na sake falash ɗin da GPT, sai ga Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager ya fito. Na ɗora jiya da daddare, yanzu in na kunna baƙin shafin nan yana fitowa in zaɓa. Sai dai matsala biyu sabbi. In na fita daga Ubuntu na koma Windows agogo sai ya koma baya da awa ɗaya cif, yau da safe Yaya ta duba ta ga bakwai ashe takwas ta yi. Na biyu kuma daga Ubuntu ina ganin fayilolin da ke Windows ina buɗe su amma ya ƙi bari in ajiye komai a can. Ko wani abu na lalata?

injiniya_bako:

Ba ka lalata komai ba, duk wanda ya haɗa su biyun nan a ƙasar nan sai ya ga wannan. A jikin madabod akwai ɗan agogo mai batirinsa wanda ke tafiya ko kwamfuta na kashe. Linux yana ajiye lokacin UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, a cikinsa sai ya ƙara awa ɗaya ya nuna maka lokacin Najeriya, shi kuma Windows ɗauka yake abin da ke cikin agogon nan shi ne lokacin gari kai tsaye, to in Ubuntu ya saita ya fita sai Windows ya zo ya karanta ba ƙari, awa ɗayan nan kenan da ta ɓace. A Terminal rubuta:

timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock

sai ka shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya. Zai riƙa nuna maka gargaɗi in ka duba, gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke matsar da agogonsu gaba da baya da rani da hunturu, mu ba ma yi.

Na biyun kuma laifina ne da ban faɗa maka tun farko ba, Fast Startup ne. In ka danna Shut down a Windows 10 ba kashewa yake yi gaba ɗaya ba, wani rabin barci yake yi ya ajiye halin da yake ciki a dis don ya tashi da sauri, to Ubuntu in ya zo ya tarar da fatishan ɗin a haka sai ya ƙi rubutu a kai, kuma gara da ya ƙi domin in ya rubuta Windows ya farka ya tarar an canja masa abubuwa fayiloli na iya lalacewa. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Ko a taƙaice powercfg /h off a Command Prompt na admin, amma wannan har Hibernate yake kashewa. Da SSD ba za ku ji wani bambanci a saurin tashi ba. Ka sani kuma abin gefe ɗaya ne, Ubuntu na karanta NTFS, tsarin dis na Windows, amma Windows ba ya ganin ext4, tsarin dis na Ubuntu, har ma in ya ce maka ga wani dis yana buƙatar fomatin kar ka ce masa to.

zongo_boy_kumasi:

Kai yau na gane wani abu. Shekara uku ina da Linux Mint da Windows a Dell ɗina ban taɓa ganin matsalar agogon nan ba, ina ta mamakin me mutane ke kuka da shi, ashe don mu nan Gana lokacinmu daidai yake da UTC ɗin ne babu ƙari babu ragi.

Abin da zan ƙara ɗan'uwa, tunda da yayarka kuke amfani da ita, wannan baƙin shafin GRUB in ba a taɓa komai ba bayan daƙiƙa goma Ubuntu yake shiga, ita kuma in ta kunna ta juya ta ɗauko wani abu sai ta dawo ta tarar da abin da ba ta sani ba. Mafi sauƙi ka shiga BIOS da F10 ka mayar da Windows Boot Manager sama a jerin, ita in ta kunna Windows ɗinta kawai za ta gani kamar da, kai kuma in kana son naka ka danna F9 ka zaɓi ubuntu. Haka na yi a ta gidanmu. Kuma wannan F9 ɗin ka riƙe shi, duk ranar da ka kunna ka ga GRUB ya ɓace Windows na shiga kai tsaye kar ka tsorata ka ce Ubuntu ya goge, yana nan, jerin ne kawai ya canja.

Ranar da kuma ka gama kwas kana so ka cire shi, kar ka je ka goge fatishan ɗin kawai alhali ubuntu ne a saman jerin, za ta tsaya a baƙin allo da rubutun grub tana jiranka. Fara mayar da Windows sama, ka kunna ka tabbatar yana shiga da kansa, sannan ka goge ka mayar wa C wurinsa da Extend Volume.

Ummu_Khairat:

To alhamdulillah tunda aikinta ya tsira. Amma ni zan ce kar ka yi saurin cire shi ko an gama kwas ɗin. Windows 10 tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, kuma 840 G3 Intel ƙarni na shida ne a ciki, Windows 11 daga ƙarni na takwas ya fara karɓa a hukumance, shi kuwa Ubuntu 24.04 da ka ɗora zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. In ta gama difens ka zaunar da ita ka nuna mata LibreOffice da Firefox a can ta ɗan saba.

ɗan_samaru:

Na yi duka, agogo ya daidaita kuma yanzu ina ajiye fayil a ɓangaren Windows ba matsala. Na mayar da Windows sama kamar yadda ɗan'uwa na Kumasi ya ce, Yaya ta kunna ɗazu ba ta ma lura an yi wani abu ba sai da ta ga C ya ragu. Allah ya saka wa kowa da alheri ya ƙara ilimi. Injiniya saura abu ɗaya, Secure Boot na gan shi a kashe a BIOS tun da aka sayo ta, in kunna shi yanzu ko in bar shi yadda yake har Yaya ta gama?