Bayan an gama gashin ciwon daji

A hirar da muka yi da waɗanda suka kammala gashi (wato maganin ciwon daji ta hanyar haska wurin ciwon da na'ura) a asibitin koyarwa na Danfodiyo da ke Sakkwato, gajiya aka fi nanatawa. Takan ƙaru a mako 1 zuwa 2 na farko bayan an gama gashin, wani ma ya kwashe watanni bai dawo daidai ba, don haka kada iyali su matsa masa.

Batun fata ya fi damuna, ga zafin Sakkwato. A rufe wurin da aka gasa da tufafin auduga mai laushi, a wanke da ruwa mai ɗumi, kar a shafa komai sai likita ya yarda.

Gashin na'ura ba ya barin illa ga na kusa, a rungumi jikoki. Ranar komawa asibiti kuwa, kar a tsallake ta.