Tsohon kicin mai duhu, kuɗi kaɗan: ta ina zan fara?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mun tare a gidan da maigidana ya gada a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano, ginin farkon shekarun 1980 ne. An gyara falo da ɗakuna kafin mu shigo, amma ba a taɓa kicin ba, kuɗin sun ƙare a rufi. Faɗinsa ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 10. Taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama mai gilashin luba, tana kallon katanga, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ko da rana tsaka sai na kunna fitila kafin in tsince shinkafa.

Bangon fentin mai ne, ƙasa kore, sama kuma ba ka ma gane launinsa na asali saboda shekarun da aka yi ana girki da risho. Kabad ɗin na katako ne, ya yi baƙi, fomikar da ke samansa ta fara ɗagowa ta wajen famfo. Daɓen tarazo ne. Silin kuma irin farin allon nan na da ne, mai gida-gida.

Abin da na ɗauka a adashi naira 300,000 ne, ba ni da wani a bayansa. Wani mai haɗa kabinet ya zo ya auna, ya ce a fasa komai a yi sabo na MDF, kuɗin da ya ambata ya ninka nawa sau huɗu. Ina son in gama kafin azumi. Me zan fara da shi, me zan haƙura da shi?

Ɗan Na'ibawa:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni kafinta ne, kuma abin da zan ce miki zai rage wa 'yan sana'armu ciniki, amma kada ki yarda a fasa kabad ɗin nan sai kin gwada shi. Ki samu sukundireba ki danna bakinta a ƙasan kabad ɗin, musamman ƙarƙashin wurin wanke-wanke da inda katako ya jingina da bango. In ta nutse, ko kika ga gari na zubowa, gara ce ko ruɓa, a canza wannan ɓangaren kaɗai. In ta tsaya cak, to kina da abin da kuɗinki ba za su sayo miki ba yau. Aikin wancan zamanin da tsabar katako ake yi, mahogani ko iroko. MDF kuwa garin katako ne aka haɗa da gam aka matse. Ruwa na shiga gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. A kicin ɗin da ake wanke-wanke sau uku a rana, ba na ba kowa shawararsa kusa da famfo.

Baƙin da kike gani yawanci ba katakon ba ne, tsohon banish ne da maiƙo. A cire ƙyauren duka, a sa wa kowanne lamba a baya don kada su rikice wajen mayarwa. A wanke da ruwan zafi da Omo, a bari su bushe sarai, a goge da samfefa mai lamba 120, a cike ramuka da foti. Sannan andakot, wato fentin shimfiɗa na farko, sannan fentin mai shafi biyu marasa kauri, a bar kwana guda tsakaninsu. Masu gaggawa su ke lafta shi da kauri sau ɗaya, sai ya yi ta zuba yana hawaye, ya daɗe yana danƙo. A sa sababbin hinji da mariƙi, waɗannan ba su da tsada, kuma su ido ke fara gani.

Saman kuwa, a ɓamɓare fomikar. In katakon ƙasa ya jiƙa, ki sa a sayo filawud mai jure ruwa a nan 'Yan Katako, a liƙa tayil a kai. In da hali ki zaga wajen masu yankan giranit ki tambayi ragowar da suka yanke, kicin ɗinki ƙarami ne, guntu biyu na iya isa.

Hajiya Babba:

'Yata, kafin kafinta da mai fenti, ki tambayi kanki me ya baƙanta bangon tun farko. Hayaƙi ne da maiƙon suya da ba su da hanyar fita. In kika yi sabon fenti kika ci gaba da suyar kifi da manja a ɗakin da ba iska, kafin babbar sallah kin koma gidan jiya. Mu a nan Zariya, duk abin da ya shafi gawayi, suyar ƙosai, toya manja ko ƙona kai da ƙafa, a tsakar gida muke yi ƙarƙashin 'yar rumfa. Ciki na gas ne kawai da girkin da ba ya tashin hayaƙi. Ki ware wani abu daga kuɗin nan na kwano huɗu ko biyar da azara, a kafa miki rumfa a bakin ƙofar baya.

Na biyu, ki duba abin da ke gaban tagar. Na shiga kicin ɗin amare da yawa, sai in tarar an jera kuloli da filas a kan tagar, an kuma rataya labule mai kauri, sannan ana kukan duhu. Ki sauke labulen nan, babu mai leƙo ki ta katanga. Ki zare gilasan luba ɗaya bayan ɗaya ki wanke, ki canza ragar sauro, don tsohuwar raga da ta sha ƙurar hunturu da maiƙo tana tare haske fiye da yadda kike zato. Katangar da tagar ke kallo kuma, ai fuskar da ke cikin gidanku taku ce: a shafe ta da farin fenti mai araha ko farar ƙasa. Rana na dukan ta za ta mayar miki da hasken ciki.

Kayan auren da ba kya amfani da su sai da biki, ki kai su sito. Kuma ni ba na son fari fat a kicin, ɗigon manja ɗaya ya isa ya tona miki asiri. Ruwan madara ya fi rufin asiri, kuma yana da haske.

Amarya_Zee:

Anti ni haya nake, sitika na saya mai zanen tayil na liƙa a bango, wallahi kyau kamar ba kicin ɗina ba. Sannan me zai hana a cire kwanon rufi ɗaya a sa na roba mai haske? Na ga an yi a shagon wata ƙawata.

Injiniyan Sabon Gari:

Zee, sitika ta yi wa mai haya, amma ba ta kama bango mai maiƙo, kuma bayan murhu zafi na ɗaga ta. Can wajen tayil na gaske ake sa wa, ko layi uku ne. Kwanon roba kuma ban goyi baya ba. A Kano daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, a ƙara da rana ta sama da wutar girki ta ƙasa, wa zai iya tsayawa? Ga yoyo da damina in ba a haɗa bakinsa da kyau ba.

Babban dalilina ma shi ne silin, don sai an yanka shi kafin hasken ya shigo. Hajiya, yadda kika kwatanta shi da shekarun ginin, akwai yiwuwar asbestos ne, da shi aka rufe gidaje da yawa a lokacin. In yana nan lafiya bai fashe ba, a bar shi, a shafa masa farin fenti da rola kawai. Kada a yanka, kada a huda, kada a goge da samfefa. Ƙurarsa ce ke shiga huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Haka tsohon fentin mai, wasu na ɗauke da dalma, don haka a jiƙa samfefar da ruwa lokacin gugar bango, a kuma fitar da yara daga wurin har a share.

Batun fitila, matsalar ba ƙarfin ƙwai ba ce kaɗai, inda yake ne. Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin yana bayanki idan kina yanka albasa, inuwarki ce ke faɗawa a kan aikin. Ki sa doguwar LED mai ƙafa 4 a jikin bango sama da inda kike aiki, sannan siririyar LED a ƙarƙashin kabad na sama. Ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ki duba kwalin: 6500K fari ne mai ɗan shuɗi, yana sa miya ta yi wani iri a ido, 3000K ja-ja ne, 4000K shi ya fi dacewa da kicin in kin samu. A shagunan kayan wuta na Faransa Rod za ki ga iri-iri, ki sa a gwada miki a gabanki.

Tunda girkin sahur ne a ranki, kuma kin san halin wutarmu, ki zaɓi siririyar mai bolt 12, a haɗa ta da ƙaramin batir da farantin sola ɗaya. Sai fankar zuƙe hayaƙi mai inci 8 ko 10 a saman bangon da ke kallon waje. Tukunyar gas kuma kada a kulle ta cikin kabad marar iska: gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri. Malam kafinta, na gwada da sukundireba, ko'ina ƙam sai allon ƙarƙashin famfo. Hajiya, labulen ya sauka tun jiya, kuma har maigida ya ce kamar an ƙara taga. Saura tambaya biyu. Mai fentin unguwarmu ya ce a shafa fentin ruwa kai tsaye a kan na man, ya fi araha. Haka ne? Sannan tarazon, in rufe shi da tayil ko kuwa?

Baba Mai Fenti:

A'a 'yata, kada ki yarda. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai mai santsi, wata biyu zai fara ɓarewa, baƙin hayaƙin ma ya huda ya fito rawaya-rawaya. A wanke bangon da ruwan zafi da Omo sau biyu, a kashe ƙyallinsa da jiƙaƙƙiyar samfefa, a bari ya bushe, a sa andakot na mai, shi ke danne tabon. Bayan nan, daga ƙasa zuwa daidai kafaɗa fentin mai, don ya goge da tsumma. Saman bangon da silin a sa na ruwa fari.

Ga lissafi don kada a cuce ki. Kewayen ɗakin ƙafa 36 ne, in tsayin bango ƙafa 9 ne kin samu wajen murabba'in mita 30. A cire ƙofa da taga da inda kabad ya rufe, saura kamar 20. Galan ɗaya mai lita 4 na andakot ya ishe ki har da kabad, galan ɗaya na fentin mai ga bango, wani ga kabad in launinsu ya bambanta. Ki je kasuwar Ƙofar Ruwa da kanki ko ki aika wanda kika yarda da shi, ki tabbata murfin a rufe yake. Kuɗin aiki kuma rabi a farko, rabi in an gama.

Tarazo kada ki rufe shi, asarar kuɗi ce, kuma tayil zai ɗaga ƙasa har ƙofa ta daina rufuwa. Masu injin goge tarazo suna nan, su goge shi ya fito fes. Abu ɗaya: kar a zuba masa asid ɗin da ake wanke tayil da shi, yana cinye duwatsun ya bar shi da kaushi.

Mai wuta ya fara shiga, don shi ke fasa bango, sai kafinta, sai mu, masu tarazo su zo ƙarshe. In ana hazo, a rufe tagar da leda lokacin da fentin mai ke ɗanye, in ba haka ba ƙura za ta manne masa. Ki kwashe girkinki zuwa rumfar da Hajiya ta faɗa na kamar kwana goma, warin fentin mai yana kama gari da man gyaɗa.