Shafina ya lalace, kwafin ajiyar masu hostin ma a lalace yake

Maman Ilham, Unguwan Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon atamfa da leshi a Kasuwar Sheikh Gumi, amma yawancin cinikina ta shafin intanet yake zuwa, da manhajar gina shafi ta WordPress da ta sayar da kaya ta WooCommerce aka haɗa shi. Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah wata kwastoma ta kira ni daga Zariya, wai in ta buɗe shafin sai ya wurga ta wani shafin caca. Wallahi jikina har rawa ya yi.

Na kira kamfanin da nake biya kuɗin hostin, wato masu ajiye mini shafin a kwamfutocinsu, tunda ranar da na yi rajista sun ce suna ɗaukar kwafin ajiya kowane mako. Suka maido da shi, caca na nan daram. Ashe kwafi ɗaya tak suke riƙewa, sabo ya danne tsoho, masu kutsen kuma sun fi sati biyu da shiga. Hotunan kaya da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmar falona, da odar mutane da adireshinsu, duk ina tsoron taɓa su. Don Allah me ya kamata in tambaya kafin in koma wani kamfani?

Injiniya Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba "kuna ɗaukar kwafi?" za ki tambaya ba, kowa zai ce eh. Ki ce musu: kwafin kwana nawa kuke ajiyewa, kuma ni da kaina zan iya maidowa daga cPanel (wurin da mai shafi ke shiga ya sarrafa hostin ɗinsa) ko sai na biya? Ga mai karɓar oda kullum, ki nemi na kowace rana, a riƙe na wata guda aƙalla. A wurin masu amfani da manhajar ɗaukar kwafi ta JetBackup za ki ga jerin ranaku, ki zaɓi wadda kike so.

Ki kuma sani shafinki kashi biyu ne. Hotuna suna cikin foldar wp-content/uploads, oda da sunayen kwastomomi kuma suna rumbun bayanai. Hotunan galibi ana iya ceto su a tace, kada ki bari a goge komai tukuna. Ki canza duk kalmomin sirri yau ɗin nan.

Abban Sadiq, Barnawa

Hajiya, ki ƙara tambayar inda suke ajiye kwafin. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, akwai waɗanda shafinsu da kwafinsu suka ƙone tare don a wuri ɗaya suke. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, ke da kike kasuwa kin fi ni sani. Ni UpdraftPlus na sa, ƙarin manhaja ne na WordPress, yana tura kwafi zuwa Google Drive da kansa, gigabait 15 kyauta suke bayarwa. Duk ƙarshen wata kuma in sauke ɗaya a filash in jefa a durowa.

Injiniya Ɗan Kawo

Haka ne Malam, sai dai a riƙa gwadawa. Na taɓa buɗe wa wata makaranta kwafin shekara guda, fayil ɗin rumbun bayanan babu komai ciki, don wurin ajiya ya cika tuntuni ba wanda ya lura. Ko sau ɗaya a wata uku a maido da shi a shafin gwaji a gani da ido.

Maman Ilham, Unguwan Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanina ya duba tsohuwar kwamfutarsa ya samo kwafin da ya sauke tun watan Rajab, hotunan suna ciki lafiya lau. Odar azumi kuwa sai dai in bi WhatsApp in tattaro. Injiniya, wannan shafin gwajin a ina ake buɗe shi?