Banki na ta lafta caji a kan OD bayan ambaliya ta ci jari: akwai hanyar dawo da kuɗin?

Ɗan Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar banki, a madadin yayana. Shanshera yake saye a hannun manoma a nan yankin Auyo yana kai wa masu casa a Haɗeja. Wani banki ya buɗe masa OD, wato bashin da ke ba mutum damar cire fiye da abin da ke cikin asusunsa, na naira 800,000 na wata shida a asusunsa na karant. Ruwa ya ci gonakin mutanen da ya ba kafin alƙalami, jari ya tafi, wa'adin bashin kuma ya cika wata biyar da suka wuce. A tsakani ya zuba naira 150,000, amma yau alat na nuna ana binsa naira 1,060,000. Duk ƙarshen wata sai an cire abu biyu ko uku da bai san ko na mene ne ba. Yanzu na cefane ma da ƙyar ake samu. Na karanta a intanet cewa wanda ke cikin ƙunci yana iya sa banki ya dawo masa da cajin da aka yi masa. Gaskiya ne? Ta ina za a fara?

Tsohon Akawu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya yaye masa.

Abin da ka karanta, da alama maganar Birtaniya ce. A can ne aka yi ta ƙarar bankuna kan cajin OD har kotun ƙolinsu ta ba bankunan gaskiya a 2009, sai ƙofar da ta rage ta zama ta masu ƙunci, saboda ƙa'idarsu ta ce a duba halin da mutum yake ciki. Kada ku kwafo wasiƙar can ku kai reshen Haɗeja, ba za ta yi aiki ba. A nan ƙunci shi kaɗai ba ya wajabta wa banki mayar da ko kwabo. Abin da ke wajabta masa shi ne idan ya cire fiye da abin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya yarje masa, ko fiye da abin da yayanka ya sa wa hannu.

Don haka abu biyu ne a gabanku, kuma kada ku cakuɗa su. Na farko haƙƙi ne: cajin da ya wuce ƙa'ida, wannan nema ake yi a dawo da shi. Na biyu alfarma ce: rage kuɗin ruwa, yafe tara, tsawaita wa'adi. Wannan roƙo ake yi.

A fara da na haƙƙin. Takardu biyu za ku nemo: takardar yarjejeniyar bashin, wadda suke kira ofa leta, da sitetimen na asusun tun daga ranar da aka buɗe OD ɗin zuwa yau. Alat na waya bai isa ba, domin ba ya nuna sunan kowane caji a cike. Sitetimen na wata-wata kyauta ne. Idan bugawa ta musamman kuka nema, ƙa'ida ba ta wuce naira 20 a kowane shafi ba. Idan kwafin yarjejeniyar ya ɓace, ya rubuta ya nemi wani.

Sai ku zauna da biro ku gwada da jadawalin cajin bankuna na CBN da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. Ga inda aka fi samun ɓaraka a bankin kasuwanci. Kuɗin gudanar da bashi ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗin, kuma sau ɗaya ake cira, wato naira 8,000 a kan 800,000. Idan kun ga yana dawowa duk wata ko duk wata uku, ku ja layi a ƙarƙashinsa. Duka kuɗaɗen da ake cira da sunan ba da bashi, in an haɗa su, ba sa wuce kashi 2. Tarar jinkiri ba ta wuce kashi 1 a wata na abin da ba a biya ba, ƙari a kan kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya. Nan ne aka fi cutar mutane: wa'adi na cika, sai na'ura ta mayar da asusun kamar wanda ya zarce ba da izini ba, ta ɗora masa wani kuɗin ruwa mai tsada wanda babu shi a takarda. Kuma in banki zai sauya yawan kuɗin ruwa, dole ya sanar da mai bashi aƙalla kwana 10 na aiki kafin sabon ya fara.

Ka gwada lissafin da kanka. A ce kashi 30 a shekara aka rubuta. Naira 800,000 sau 30 cikin 100, a raba da 365, ya kama kusan naira 657 a rana, wajen 20,000 a wata. Wata goma sha ɗaya, da yake ruwan yana hawa kan ruwa, a ce 245,000. Tarar wata biyar ba za ta wuce 45,000 zuwa 50,000 ba. Ka ƙara 8,000, ka cire 150,000 da ya zuba. Za ka tsaya a wajen 950,000. Tsakanin wannan da 1,060,000 akwai sama da naira 100,000 da ya kamata banki ya yi bayaninsu layi-layi. Ban ce duka na zalunci ba ne. Mai yiwuwa akwai inshora ko kuɗin binciken jingina da ya sa wa hannu, ko kuma ruwan ya fi kashi 30. Takardar ce za ta raba gardama.

Akwai kuma waɗanda kada ku ɓata tawada a kansu: harajin naira 50 na tura kuɗin da ya kai 10,000 na gwamnati ne, haka VAT na kashi 7.5 da ke bin caji. Amma VAT ba ya hawa kan kuɗin ruwa, in kun gan shi a can ku tambaya. Kuɗin kula da asusun karant halas ne a jadawalin 2020, muddin bai wuce naira 1 a kowace 1,000 da ya fitar ba. Kuɗin kula da kati na naira 50 duk wata uku kuwa, a wannan jadawalin, na asusun ajiya ne, ba a cirarsa a karant.

Maman Sadiya Gumel ta rubuta:

Baba Akawu ya gama magana a kan lissafi. Ni kan yadda ake shigar da ƙorafin zan ƙara, don a nan mutanenmu suke faɗuwa. Mutum ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya tsaya a gaban kanta ya yi ta bayani, a ce masa "za mu duba", ya koma gida. Wannan ba a ƙirga shi ƙorafi ba.

Wasiƙa zai rubuta zuwa ga manajan reshe, shafi ɗaya ya isa. Sunansa, lambar asusu, lambar waya, sannan jeri: kwanan wata, sunan cajin yadda yake a sitetimen, abin da aka cira, abin da ya kamata a cira, bambanci. A ƙasa jimla, da buƙata a fili: a dawo da kuɗi kaza tare da ruwan da ya hau kansa, a gyara jimlar bashin. Wannan na ruwan kada a manta da shi, domin duk cajin da aka ɗora a kan OD shi ma yana haifar kuɗin ruwa kowane wata. Ya tafi da kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya ya dawo da shi, kuma kada ya fito sai an ba shi lambar bin sawun ƙorafi. Wajibi ne su bayar, kuma ita CBN za ta fara tambaya.

Ƙorafin cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi, ana ba banki kwana 30. In sun wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ana iya aikawa ta cpd@cbn.gov.ng, ko a kai wasiƙa da hannu reshen CBN na Dutse ko na Kano. A haɗa da kwafin mai hatimin, lambar bin sawu, sitetimen da yarjejeniyar. Kada a sa lambar sirri ta kati a ciki ko kusa. Kyauta ne, ba a biyan komai. Wa'adin kai irin wannan ƙorafi shekara shida ne daga ranar da aka cire kuɗin, saboda haka ku duba har tsofaffin shekarun asusun, ba na OD kaɗai ba.

Kuma kada ku yi gaggawar kotu. Da zarar magana ta shiga gaban alƙali, CBN na janye hannunta.

Ɗan Auyo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, na gode Hajiya. To maganar alfarmar fa? Sannan yana da ɗan asusu a wani bankin inda 'yan'uwa ke turo masa taimako. An ce za su iya kwashewa ta BVN. Haka ne?

Malam Na-Kafin Hausa ya rubuta:

Haka ne ɗan'uwa, in ya sa hannu a takardar GSI, wato izinin cire bashi daga sauran asusunsa, lokacin karɓar bashin, kuma tun Agustan 2020 kusan duk bashin mutum ɗaya da ita ake bayarwa. Tana ba bankin da ke bin bashi damar cira daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗinsa a wasu bankunan. Sai dai tana da iyaka: uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kawai ake karɓa ta wannan hanya, ban da tara. In aka kwashi har da tara, wannan ma ƙorafi ne mai zaman kansa. A cikin banki ɗaya kuwa ba sa buƙatar GSI, duk abin da ya faɗa asusun da ke da OD bashin ne ke fara haɗiye shi. Taimakon abinci da 'yan'uwa ke yi, su miƙa wa uwargida ko su kawo hatsi, ya fi kwanciyar hankali.

Wasiƙar alfarma daban za a rubuta, kuma ni a ganina a jira lissafi ya daidaita tukuna. Dalili: in aka sake tsara bashi, sabuwar takarda ake sa wa hannu, a cikinta akwai jimlar da ya amince ana binsa. Wanda ya sa hannu a kan 1,060,000 ya wahalar da kansa wajen dawowa ya ce 950,000 ne.

A cikinta ya faɗi abin da ya faru a layi uku, ba dogon labari ba, ya haɗa da shaida: takardar dagaci ko hakimi cewa ambaliya ta shafi yankin, in SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ta rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa a nemo, da littafinsa na kafin alƙalamin da ya bayar. Sai ya nemi abu uku: a tsayar da tara, a mayar da OD ɗin bashi mai biya wata-wata, a yafe wani kaso na ruwan da ya taru. Ya faɗi adadin da zai iya biya da gaske. Wanda ya yi alkawarin 100,000 a wata don ya burge manaja, ya kasa a wata na biyu, ya rufe wa kansa ƙofa. Gara ya ce 30,000 yanzu, da babban biya bayan girbin rani, tunda kuɗin wannan sana'a da kaka yake zuwa. Kuɗin sake tsara bashi ba ya wuce rabin kashi 1 na abin da ya rage, sau ɗaya. Manajan reshe yawanci ba shi ke yafewa ba, hedikwata ake tura wa, don haka alkawarin baki na jami'in asusu ba komai ba ne sai an gan shi a takarda mai kan banki.

Maman Sadiya Gumel ta rubuta:

Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Jira yana da tsada: a lissafin Baba Akawu, kowane wata kusan naira 30,000 ke ƙaruwa tsakanin ruwa da tara, kuma in magana ta kai CBN tana iya ɗaukar watanni. Ya kai wasiƙun biyu rana ɗaya, kowace da hatiminta. A ta alfarmar ya rubuta cewa wannan roƙo bai shafe ƙorafinsa mai lamba kaza ba, kuma bai amince da jimlar da ke kan asusun ba tukuna. Sa hannu a sabuwar yarjejeniya ne kawai zai jinkirta. Kuma ya ci gaba da zuba ɗan abin da ya samu, ko 10,000 ce, yana ajiye rasit. Kwamitin da ke duba yafiya ya fi sauraron asusun da ke motsi.

Tsohon Akawu ya rubuta:

Maganar Hajiya ta fi tawa da ta Malam dacewa da mai ƙunci, a bi ta. Ƙari biyu. Duk jadawalin da na kawo na bankin kasuwanci ne. In na maikurofainans ne, suna da nasu sashe a cikin littafin, wasu alƙaluman sun bambanta, amma hanyar ƙorafi ɗaya ce. Kuma a auna kowane caji da ƙa'idar da ke aiki a ranar da aka cire shi, don an taɓa wasu bayan 2020, kamar na ATM da aka sauya a Maris 2025.

Masu yawo suna cewa a ba su wani abu su "goge" bashi daga BVN, ƙarya ce. Sunansa ya riga ya je wurin kamfanonin ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma banki ne kaɗai ke sabunta shi. Ranar da ya gama biya, ya karɓi takardar shaidar ba a binsa komai, bayan wata ɗaya ko biyu ya nemi rahotonsa a ɗaya daga cikin kamfanonin ya tabbatar an rufe bashin. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa rahoto ɗaya kyauta a shekara.