Neman shawara: tanki da famfo, aika saƙo sai an ga kuskure

Auta: Assalamu alaikum. Aikin kammala digirina kan tankin ruwa ne. So nake na'urar awo ta daina aika saƙo ga famfo kowace daƙiƙa, sai kuskure, wato bambancin awon yanzu da wanda aka aika na ƙarshe, ya wuce iyaka, don batir ya daɗe. Daga ina zan fara?

Malama: Wa alaikumus salam. Takardar binciken Tabuada ta 2007, a kan irin wannan tsarin take. Amma ka fara zama da babi na 4 na littafin Khalil, Nonlinear Systems, ka riƙe Lyapunov (hanyar tabbatar da cewa tsari zai daidaita) da ISS (daidaiton tsari duk da hargitsi daga waje) sosai.

Ɗan Zariya: Ƙanena, tsaya ka ji abin da ya same ni. Sharaɗin Tabuada na bi: a aika saƙo idan kuskure ya kai wani kaso na nisan da ya rage a isa matakin da ake so. A kwamfuta lafiya lau. Da na haɗa a kan tanki na gaske, ruwa na kusantar matakin sai iyakar ta ƙanƙance, awon kuma dama rawa yake yi saboda motsin ruwa. Saƙo ya dinga fita ba ƙaƙƙautawa, har ya fi na tsarin da ke aikawa bisa agogo yawa. Kusan wata biyu ina zargin wayoyin haɗi. Ashe Borgers da Heemels sun yi bayani tun 2014: da ɗan hargitsi kaɗan, tazarar saƙonni na iya rushewa. Sai da na ƙara ƙaramar lamba tsayayya a kan iyakar na samu sauƙi. Ruwan ba ya zama daidai cif, yana ɗan yawo a kusa, na kuma yarda da hakan.

Injiniya: Zeno kenan, wato saƙonni marasa iyaka cikin ƙayyadadden lokaci. Duba sharaɗin Girard na 2015, ya fi na Tabuada tsawaita tazara.

Malama: Auta, ruwan da ke fita yana bin tushen murabba'in tsayin ruwa ne. Kusa da ƙasan tanki sharaɗin Lipschitz, wato iyaka kan saurin canjin lissafin, wanda Tabuada ya dogara da shi, ya karye, kada ka sa matakinka a can.

Baƙo: Da manhajar lissafi ta MATLAB za ka gwada?

Injiniya: Lasisin fa? solve_ivp na SciPy, kayan lissafi na Python, na kama lokacin da aka ƙetare iyaka, kuma kyauta ne.

Baƙo: Masu duba aiki Simulink na MATLAB suka saba gani, Injiniya.

Injiniya: To a nuna musu wani, ai ba laifi ba ne.

Ɗan Zariya: Wani abu kuma: ko ba a aika saƙo, na'urar na farke tana awo, batir na ci. Lissafa wannan tukuna.

Auta: Na gode, Yaya. Lambar da ka ƙara, yaya ka zaɓe ta?

Baƙo: Wa ke da Khalil bugu na uku ya ara mini?