Wace a-kori-kura ta hannu ce za ta ja mini ɗakin tafi-da-gidanka?

Baban Amira (Columbus): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota. Na yi cinikin tirelar nan ta kwana, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, don mu riƙa fita da iyali idan yara sun sami hutu. Tsawonta ƙafa 30. Takardarta ta ce nauyinta ba kaya laba 6,800 ne, iyakar abin da za ta kai da kaya kuma 9,000. Motar da ke hannuna ba za ta iya da ita ba. Ina son a-kori-kura babba ta hannu, irin su F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500HD, kuma ƙarfina bai wuce dala 30,000 ba. Mu shida ne, ni da uwargida da yara huɗu. Dizal ko fetur? Wace shekara?

Kawu Direba (Greensboro): Wa alaikumus salam. Dizal, ɗana. Ram mai injin Cummins 6.7, wato lita 6.7. Silinda shida ne a jere, irin tsarin da muke tuƙawa a manyan motoci. Ba ya ihu, ba ya gaggawa, ja kawai yake yi. Kuma yana da birkin salansa, wanda idan kana gangara dutse inji ne zai riƙe maka kaya, ba sai ka ƙona birkin ƙafa ba. Mai fetur kam a bar wa masu zuwa cefane.

Ɗan Zango (Bronx): Kawu ya yanke hukunci tun ba a zauna ba.

Injiniya (Houston): Kawu, Allah ya ja da ranka, a ba ni dama in ɗan saɓa. Baban Amira, duk motocin da ka lissafa za su ja laba 9,000 ba tare da sun yi gumi ba, mai dizal da mai fetur. Ba a wurin ja matsalar take ba, a wurin ɗauka take. Abin da jaki zai ja a amalanke daban, abin da za ka ɗora masa a gadon baya daban, kuma na gadon bayan ne ke durƙusar da shi.

Tirela irin taka tana danna wa bayan mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Manta da 6,800 ɗin nan, lambar talla ce, babu wanda ke tafiya da tirela fayau. Ruwa kaɗai galan ɗaya ya haura laba 8. Ga tukunyar gas, ga batir, ga buhun shinkafa da tukwanen Maman Amira. Yi lissafi da 9,000. Kashi 13 nata 1,170 ke nan. Ƙugiyar ja mai rarraba nauyi ta kusa laba 100. Ku shida, a ce 800, kuma yara girma suke yi. Janareta da kekuna da itacen hura wuta a bayan mota, a ce 300. Ka kai 2,370 tun ba ka tayar da mota ba.

Yanzu ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai sitika mai rawaya da fari da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya na wannan motar ita kaɗai. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, kuma da yawa daga cikin motocin ajin 2500 an tsayar da iyakar nauyinsu gaba ɗaya a laba 10,000. Duk nauyin da inji ya ci, daga rabonka aka cire shi. Shi ya sa za ka ga mai dizal mai ƙofa huɗu, mai kujerun fata da rufin gilashi, sitikarta tana cewa 2,000 da ɗan doriya, ita kuwa ƴar'uwarta mai fetur tana kusan 3,000.

Baban Amira (Columbus): Ikon Allah. Wato mai dizal ɗin tana iya kasa ɗaukar mu, mai fetur ta ɗauka?

Injiniya (Houston): Ƙwarai. Kada ka yarda da abin da dila ya karanto maka daga intanet. Ka ce ya turo hoton sitikar kafin ka ƙona mai zuwa wurinsa.

Kawu Direba (Greensboro): To sai ya sayi 3500 mai taya ɗaya-ɗaya a baya. Girman jikinsu ɗaya da 2500, sifirin ɗin baya ne ya fi ƙarfi, kuma a kasuwar ta hannu kuɗinsu ba su da nisa da juna. Ga ɗauka ga dizal. Wannan ba hujja ba ce ta gudun Cummins.

Injiniya (Houston): Nan kam na ba ka, Kawu. In dizal ne dole, 3500 ko F-350. Sai dai ya fara tambayar kamfanin inshorarsa da ofishin rajista, domin wasu jihohi kuɗin lamba da nauyin mota yake tafiya.

Maman Khalifa (Denver): Sannunku da hira. Ni ce mai jan tirela a gidanmu, Baban Khalifa barci yake yi a gefe. Tamu ba ta kai taku tsawo ba, kuma da mai fetur 2500 nake jan ta. Hanyarmu I-70 ce, ta ramin Eisenhower, wanda ya haura ƙafa 11,000 a sama. A can iska ba ta da kauri, injin fetur marar turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ba zan ɓoye maka ba, a hawan nan inji kuka yake yi, masu dizal suna wuce ni. Amma ina isa. A gangara kuma na danna maɓallin jan kaya da ke jikin giya, na sauko da giya ƙasa, na bi a hankali. Da kullum nake wannan hawan, da na bi maganar Kawu. Kai da ke Ohio, sau nawa za ka ga dutse irin wannan a shekara?

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gidan mai. Idan ina ja, galan ɗaya mil 8 zuwa 9 yake kai ni, tanki ba ya daɗewa. Shiga layin fetur da tirela a baya kuwa sai an yi dabara, masu dizal su layin manyan motoci suke bi su fice abinsu. Ka nemi mai dogon baya in ka samu, sau da yawa tankinta ya fi girma, kuma ta fi zama daram a hanya idan babbar mota ta wuce ka da iska.

Sannan ku shida ne. Ka duba kujerar gaba. Masu tsadar yawanci kujeru biyu ne da akwati a tsakiya, mutum biyar ke nan. Kana buƙatar mai benci a gaba.

Ɗan Zango (Bronx): Anti, ba sai a zuba yara biyu a cikin tirelar ba? Ga gado ga firji.

Maman Khalifa (Denver): Kai dai Allah ya shirye ka. Babu bel a ciki, bangonta kuma siriri ne. Jihohi da yawa ma sun hana.

Ɗan Zango (Bronx): Wasa nake yi. Amma ga magana ta gaske, Yaya Baban Amira. Na ga F-250 ta 2005 mai dizal a Facebook, kuɗinta bai kai rabin abin da ka ware ba. Sai ka riƙe canji.

Injiniya (Houston): Canjin nan gareji zai dawo. Ta 2005 injin Power Stroke 6.0 ne, wanda aka yi daga 2003 zuwa 2007, kuma duk bakanike ya san shi da matsalar gasket na kan inji da na'urorin sanyaya mai da hayaƙi. Akwai waɗanda aka gyara su sosai suna aiki lafiya, amma sai ka ga rasit da idonka. Na 6.4 da ya biyo baya, 2008 zuwa 2010, shi ma ba na tura ɗan'uwa wurinsa. Tsohon 7.3 da aka daina a 2003 inji ne na gaske, sai dai motar da ke ɗauke da shi ta haura shekara 20, komai na jikinta ya gaji. Daga 2011 Ford suka koma 6.7, ya fi waɗancan biyun nesa ba kusa ba.

Amma akwai famfon mai da ake kira CP4. Yana cikin Ford 6.7, yana cikin Duramax, injin dizal na Chevrolet da GMC, na 2011 zuwa 2016, yana cikin Ram na 2019 da 2020, har kamfanin ya kira waɗannan shekaru biyun aka canza musu shi. Ba kowanne ke lalacewa ba, mafi yawa suna tafiya lafiya. Illarsa ita ce in ya lalace, garin ƙarfe yake watsawa cikin layin mai gaba ɗaya, sai an canza nozul da bututu an wanke tanki, aikin dubban daloli. Duramax daga 2017 ba ya amfani da shi, amma mai kyau a kuɗinka sai wadda ta sha hanya.

Abin da nake so ka gane shi ne, dala 30,000 a dizal tsohuwa za ta ba ka mai mil da yawa. Kuɗin nan a fetur zai ba ka wadda ta fi ta ƙuruciya da shekaru. Ni uku nake nuna wa mutane: Ford mai 6.2, wanda ya shiga F-250 a 2011, Chevrolet ko GMC mai 6.0 da aka yi har 2019, da Ram mai Hemi 6.4 daga 2014. In Allah ya haɗa ka da Ford 7.3 na fetur ko GM 6.6 na fetur, duka daga 2020, kuma kuɗi ya kai, to ka kama.

Baban Amira (Columbus): Ban faɗa muku ba, da ita zan riƙa zuwa aiki. Mil 6 ne daga gida.

Injiniya (Houston): To magana ta ƙare a wurina. Dizal na zamani yana da matatar toka a salansa, tun wajen 2007 zuwa 2008, kuma sai mota ta yi zafi a doguwar hanya take ƙone abin da ta tara. Mil 6 a sanyin Ohio, inji bai gama ɗumi ba ka kashe shi. Haka za ta yi ta toshewa. Ga ruwan DEF na tsaftace hayaƙi da za ka riƙa zubawa, ga batir biyu, ga matatun mai, ga juyen baƙin mai da ke cin kwat 13 (kwat kusan lita ɗaya ne) a Ford 6.7, 12 a Cummins.

Kawu Direba (Greensboro): Ai samari cire kayan hayaƙin suke yi.

Injiniya (Houston): Suna yi, kuma dokar tarayya ta hana. Baban Amira, in ka leƙa ƙarƙashi ka ga bututu miƙaƙƙe babu matata, ka juya. Wanda ya cire ta yawanci ya taɓa kwamfutar inji ya ƙara mata ƙarfi, giya ce ke shan wahalar. Ranar sayarwa kuma diloli da yawa ba za su karɓe ta ba.

Malam Liman (Philadelphia): Ni ban san inji ba. Tunatarwa ce kawai: dila zai so ya ja ka zuwa wadda ta fi kuɗinka, ya ce sauran a biya wata-wata. Ruwa ne a ciki. Ka tsaya inda aljihunka ya tsaya.

Baban Amira (Columbus): Na gode Malam, da kuɗi hannu zan je in sha Allah.

Kawu Direba (Greensboro): Tunda sun taru sun kayar da ni, bari in ba ka abin da ba za su musa ba. Kada ka sayi motar da ta yi rayuwarta a Ohio ko Michigan ko New York ba ka kwanta a ƙarƙashinta ba. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin shasi da bututun birki. Ka tafi da tocila da ƙaramar guduma. Baƙin fenti sabo a shasin tsohuwar mota ba kwalliya ba ce, rufa-rufa ce. In ka ga ƙarafan maƙala garmar ture ƙanƙara a gaba, ka bar ta, ta sha gaba da baya har giya ta gaji. Gara ka hau jirgi zuwa Georgia ko Arizona ka tuƙo ta.

Injiniya (Houston): Ko Texas, amma mu ma da namu. Ambaliyar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu yawa a nan Houston, wasu an busar da su an kai wasu jihohi. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Sannan motocin filin haƙar mai: mil kaɗan, amma inji ya wuni ya kwana a kunne. Allon gaban direba yana nuna awannin inji, wasu har da awannin da ya yi a tsaye, ka duba su. Lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai harafi da lamba 17, kuma ka sa ta a Carfax mai nuna tarihin mota, ka sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, nan kyauta ne, zai nuna maka kiran gyaran da ba a yi ba.

Maman Khalifa (Denver): Ka tabbata tana da na'urar birkin tirela a gaban direba, da soket mai baki bakwai a baya, da madubai masu zarowa. Tayoyi kuma ajin E, masu jure nauyi. Lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefen taya sati da shekarar da aka yi ta ne, domin taya tana tsufa ko zanenta bai cinye ba. Na tirelar ma ka duba su. Ranar da ka haɗa komai, ka loda yara da kaya ku je sikelin CAT a tashar manyan motoci, kuɗi kaɗan ne, zai ba ka nauyin da ke kan tayoyin gaba, na baya da na tirela.

Baban Amira (Columbus): Allah ya saka da alheri. Akwai biyu da nake magana da masu su tun jiya, yanzu suka turo hotuna. F-250 ta 2017 mai 6.2 a Tennessee, sitika 3,040, mai benci a gaba. Da Ram 2500 ta 2015 mai Cummins a nan kusa, sitika 2,180.

Injiniya (Houston): Lissafinmu 2,370 ne, ta biyun ta faɗi. Ta Tennessee jikinta alminiyon ne tunda 2017 ce, amma shasi ƙarfe ne, a duba shi. Ka ce kada ya tayar da ita kafin ka iso, kana son jin ta da sanyi. Ka nemi bakanike na can wanda ba shi da alaƙa da mai motar ya ɗaga ta sama. Turo mini hoton awannin injin.

Kawu Direba (Greensboro): Ka tambayi mai Ram ɗin ko yana da 3500.